Kujera da Buta da Biro: Fasahar Salon Zamananci a Kayan Amfanin Gida

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa riƙe biron nan mai kusurwa shida wanda ake hango tawadarsa, ko ya zauna a kan farar kujerar roba a wajen biki ko taron makaranta, ya riga ya yi hulɗa da wani tunani da aka yi ta muhawara a kansa a Turai kimanin shekaru 100 da suka wuce. Waɗannan abubuwa biyu ba su da zane, ba su da sassaƙa. Amma idan aka ƙura musu ido, za a tarar kowace kusurwa da kowane rami da ke jikinsu yana da dalili.

Masana suna kiran wannan tunani salon zamananci a fannin zayyana. Abin nufi da zayyana a nan shi ne tsara siffar abu tun kafin a ƙera shi: girmansa, da abin da za a yi shi da shi, da yadda hannu zai kama shi. Masu wannan salo sun yi imani cewa kyawun kayan gida ya kamata ya fito ne daga aikin da suke yi, da irin kayan da aka yi su da shi, da kuma hanyar da aka bi wajen ƙera su. Sun kuma yi alkawarin cewa ta wannan hanya talaka ma zai mallaki abu mai kyau da aminci. Wannan maƙala za ta duba kimiyyar da ke cikin wasu daga cikin ayyukansu, sa'an nan ta auna ko alkawarin ya cika.

Tushen matsalar

A ƙarni na 19 injuna suka mamaye sana'o'in Turai. Abin da maƙeri ko masassaƙi yake shafe mako yana yi, sai inji ya fitar da ɗaruruwansa a yini. Sai dai masu masana'antu ba su san irin siffar da za su ba waɗannan sababbin kaya ba, don haka suka riƙa kwaikwayon kayan fadar sarakuna. A babban baje kolin da aka yi a Landan a 1851 an ga kayan gida da aka cika su da furanni da ganyaye da 'yan dabbobi na zubin ƙarfe, har mutum ya rasa ta inda zai kama su. Ado ne na jabu, yana tara ƙura, yana kuma ɓoye rashin ingancin aiki.

Wani kafinta mai suna Michael Thonet, wanda ya kafa sana'arsa a Vienna ta ƙasar Ostiriya, ya bi wata hanya dabam. A 1859 ya fitar da kujerar da aka sani da Lamba 14. Dabararsa ita ce a turara sandunan katako da tururi har su yi laushi. Zafi da laima suna sassauta sinadarin lignin, wanda yake tamkar ƙaro ne da ke riƙe zaruruwan katako. Daga nan sai a ɗaura wa sandar ɗamarar ƙarfe ta bayan gwiwar da za a yi don kada ta tsage, a lanƙwasa ta cikin mazubin ƙarfe, a bar ta ta bushe a haka. Gaɓoɓin katako 6 kawai ke cikin kujerar, da sukuru 10 da noti 2. Idan aka kwance ta, ana iya shirya kujeru 36 cikin akwati mai faɗi da tsawo da zurfin mita ɗaya ɗaya, a tura su ƙetare, a haɗa a can. Ya zuwa 1930 an sayar da kimanin miliyan 50. Lanƙwasar da ke ba kujerar kyau, ita ce dai ke ba ta ƙarfi.

Masana suka fara mayar da irin wannan darasi ƙa'ida. A 1896 wani mai zayyanar gine-gine na Amurka, Louis Sullivan, ya bayyana cewa aikin abu shi ya kamata ya haifar da siffarsa. Adolf Loos na Ostiriya kuwa ya fi zafafawa, domin a farkon ƙarni na 20 ya ɗauki ado a kayan amfanin yau da kullum a matsayin ɓarnar kaya da gumin ma'aikaci.

Makarantar Bauhaus

Wurin da aka fi gwada wannan tunani shi ne wata makaranta da Walter Gropius ya kafa a garin Weimar na Jamus a 1919, bayan ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sunanta Bauhaus, wato gidan gini. Gropius yana ganin kuskure ne a raba mai zane da mai sana'ar hannu. Saboda haka sabon ɗalibi yakan fara ne da watanni yana nazarin halayen takarda da katako da gilashi da ƙarfe, ya san abin da kowanne zai iya ɗauka. Bayan nan sai ya shiga ɗaya daga cikin ɗakunan sana'a: ƙira, ko kafinta, ko saƙa, ko ginin tukwane. A shekarun farko kowane ɗaki yana da malamai biyu, ɗaya gwanin zane, ɗaya gwanin sana'a. Daga 1923 makarantar ta mayar da hankali ga ƙera samfurin da masana'anta za ta iya yin dubbansa.

Shekara 14 kawai makarantar ta yi a duniya. Matsin siyasa ya sa ta koma Dessau a 1925, sa'an nan Berlin a 1932, kuma aka rufe ta a 1933 bayan 'yan Nazi sun hau mulki. Da yawa daga malamanta sun yi hijira, musamman zuwa Amurka, suka tafi da koyarwar tare da su.

Butar shayi da fitila

A 1924 wata ɗaliba mai suna Marianne Brandt ta shiga ɗakin ƙira na makarantar. Daga baya ta ba da labarin cewa da farko ba a yi maraba da mace a wurin ba, aikin gajiyarwa kawai ake tura mata. A wannan shekara ta ƙera wata 'yar butar shayi wadda tsayinta bai kai santimita 8 ba, domin an yi ta ne don haɗa shayi mai kauri da za a riƙa sirkawa da ruwan zafi.

Cikin butar rabin ƙwallo ne na tagulla, yana zaune a kan wasu siraran ƙarafa biyu da aka gicciya, waɗanda ke ɗaga zazzafan gindinta daga kan tebur. Murfin ba a tsakiya yake ba. An matsar da shi nesa da bakin zubawa don kada shayi ya tsiyayo ta gefensa idan an karkata ta. A ciki akwai 'yar rariya mai tare ganyen shayi. Mariƙin kuwa rabin da'ira ne na baƙin katako daga dangin itacen kanya. Dalilin wannan zaɓi darasi ne na kimiyyar zafi: ƙarfe yana saurin watsa zafi daga wannan gefe zuwa wancan, katako kuwa ba ya yi, don haka hannu ba ya ƙonewa. Baƙin katakon a jikin ƙarfe mai sheƙi shi ne kaɗai abin da za a kira ado a butar, kuma larura ce ta kawo shi. A 1928 Brandt ta zama mai jagorancin ɗakin da aka ƙi maraba da ita.

A daidai wannan lokaci Wilhelm Wagenfeld da Carl Jakob Jucker suka fito da wata fitilar tebur. Gindinta faifan gilashi ne mai kauri, sandarta bututun gilashi ce wadda ake hango wayar lantarki a cikinta, kanta kuma farin gilashi ne mai kamar madara. Ƙwan lantarki tsirara yana kashe ido, domin haskensa duka daga ɗan ƙaramin wuri yake fitowa. Farin gilashin yana warwatsa hasken zuwa kowace fuska, sai ya sauka a hankali ba tare da inuwa mai kaifi ba. Maimakon a ɓoye wayar kamar abin kunya, sai aka bar ta a fili ta zama ɓangaren fasalin fitilar.

Kujerar da keke ya haifa

A 1925 Marcel Breuer, ɗan ƙasar Hangari mai shekara 23, ya lura da kan kekensa. Bututun ƙarfe ne marar nauyi, an lanƙwasa shi, amma yana jure ƙarfin hannun mahayi. Sai ya tambayi kansa, me zai hana a yi kujera da shi?

Ƙarfin bututu yana da bayani. Idan aka lanƙwasa sanda, bayanta ne yake miƙewa, cikin gwiwarta yake matsewa, tsakiyarta kuwa kusan ba ta ɗaukar wata wahala. Don haka idan aka kwashe ƙarfen tsakiya aka mayar da shi gefe, za a sami sanda mai nauyi ɗaya da ta farko amma wadda ta fi ta ƙin lanƙwasa nesa ba kusa ba. Haka gora take, haka ma ƙashin tsuntsu. Bugu da ƙari, tun a tsakiyar shekarun 1880 'yan uwan nan Mannesmann na Jamus sun gano yadda ake yin bututun ƙarfe marar haɗi, wanda ba ya tsagewa a wurin lanƙwasa.

Breuer ya ɗauki tsohuwar kujerar falo mai cike da auduga da fata, ya zubar da komai, ya bar layukan gefenta kawai da bututu. Wurin zama da majingina da wurin ɗora hannu kuwa ya yi su da ƙyalle mai ƙarfi da aka ɗaure tamau. Jikin mai zama ba ya taɓa ƙarfe ko kaɗan. Wannan ita ce kujerar da daga baya aka laƙaba wa suna Wassily.

A 1926 wani Baholande, Mart Stam, ya haɗa bututun iskar gas ya yi kujera marar ƙafafun baya. Bututu ɗaya ne yake tasowa daga ƙasa ta gaba, ya lanƙwasa ya zama wurin zama, ya sake miƙewa ya zama majingina. Mai kallo zai zaci za ta kife, amma ba ta kifewa, domin bututun da ke kwance a ƙasa ya miƙa baya har ƙarƙashin mai zama, cibiyar nauyinsa tana sauka a cikin filin da gindin ya kewaye. Ludwig Mies van der Rohe a 1927, da Breuer a 1928, sun fito da nasu samfurin da bututu mai ɗan lilo. A nan ƙa'idar da Robert Hooke ya gano a ƙarni na 17 ke aiki: gwargwadon nauyin da aka ɗora wa ƙarfe, gwargwadon sunkuyawarsa, kuma zai koma yadda yake muddin ba a wuce iyakarsa ba. Wato ke nan taushin da a da ake nema daga auduga, yanzu ƙarfen da kansa yake bayarwa.

Ƙafa uku

Ba kowa ne ya gamsu da ƙarfe ba. Alvar Aalto na ƙasar Finlan yana ganin ya cika sanyi da ƙyalli a ɗakin ɗan Adam, don haka ya koma ga katakon ƙasarsa. Ya riƙa tsaga kan sandar katako da zarto, ya cusa siraran ɓawon katako da gam a tsagar, sa'an nan ya lanƙwasa ta ta yi gwiwa. A 1933 ya haɗa irin waɗannan ƙafafu 3 da faifan katako ya yi 'yar kujera marar majingina.

Duk wanda ya san murhu ya san hikimar duwatsu uku. A ilimin lissafi, ɗigo uku da ba sa kan layi ɗaya kullum suna kan shimfiɗa ɗaya, saboda haka abu mai ƙafa uku ba ya gurgunta ko da daɓen ba daidai yake ba. Da yake ƙafafun suna waje da faifan, ana iya ɗora kujerun kan juna su yi ta hawa a murɗe, su ci wurin guda ɗaya. Sai dai kowace dabara da farashinta: wanda ya zauna a gefe tsakanin ƙafa biyu yana iya kifewa, shi ya sa aka yi mata ƙanwa mai ƙafa 4.

Ɗakin girki na Frankfurt

Inda salon ya fi kusantar talaka shi ne birnin Frankfurt, sa'ad da hukuma ta shiga gina wa ma'aikata dubban gidaje. A 1926 aka ɗora wa Margarete Schütte-Lihotzky, 'yar Ostiriya, aikin tsara ɗakin girkinsu. Ta yi koyi da 'yan ƙananan wuraren girki na jirgin ƙasa, aka kuma auna ayyukan girki da agogo, aka ƙidaya takun mai yin su. Sakamakon shi ne ɗaki mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, inda murhu da wurin wanke-wanke da teburin yanka suke dab da juna. Akwai 'yan aljihunan alminiyam masu mariƙi na zuba shinkafa da sukari, da allon guga mai naɗewa a bango, da fitila mai tafiya a kan dogo. An yi kimanin 10,000, kuma daga gare su ne tsarin ɗakin girki mai akwatuna a jikin bango ya yaɗu a duniya.

Matan da suka yi aiki a ciki sun ga abin da agogo bai auna ba. Ɗakin mutum ɗaya kawai yake ɗauka, ya raba uwa da 'ya'yanta da abokan hira, aljihunan ƙasa kuma hannun yara yana kai musu.

Shin alkawari ya cika?

A nan ne gizo ke saƙar. Butar Brandt kamar inji ne ya yi ta, alhali da guduma aka buga ta da hannu, kuma kaɗan aka yi. A 2007 an yi gwanjon guda ɗaya a Niyok a kan dala 361,000. Wagenfeld ya ba da labarin yadda 'yan kasuwa suka yi wa kayansu dariya a baje kolin Leipzig na 1924, domin kamar masu araha suke a ido, amma aikin hannu ne mai tsada. Kujerun bututu ma gidajen masu hali suka fi shiga. Hannes Meyer, wanda ya gaji Gropius a 1928, ya nemi a fifita buƙatun jama'a a kan kayan alatu, kuma a zamaninsa ne fitilun da Brandt da Hin Bredendieck suka tsara wa wata masana'anta suka shiga kasuwa da yawa. Abin mamaki, hajar makarantar da ta fi kawo kuɗi ita ce takardar ƙawata bango.

Akwai kuma gyara a kan ra'ayin Loos, wanda ya danganta son ado da ci bayan al'umma. Masana na yau ba su yarda da wannan ba. Zanen ƙwarya ko aikin wuyan riga yana ɗauke da tarihi da matsayi da gwanintar mai yi, kuma wannan ma aiki ne da abu ke yi wa mai shi. Haka nan rashin ado kaɗai ba ya sa abu ya yi kyau. Kujerar da ba ta da zane kuma take sa ciwon baya, mummunar kujera ce kawai.

Magada na haƙiƙa

Alkawarin ya cika ne ta hannun waɗansu da ba su taɓa zama a Bauhaus ba. Kalmar biro ta samo asali daga sunan László Bíró, ɗan jaridar Hangari da ya yi rajistar alƙalami mai ƙwallo a baki a 1938. A 1950 Marcel Bich na Faransa ya fitar da Bic Cristal. Kusurwoyinsa 6 suna hana shi gangarowa daga tebur, suna kuma dacewa da yatsu uku da ke riƙe shi. Jikinsa garau yake don a ga ragowar tawada. Ɗan ramin da ke gefensa yana daidaita matsin iskar ciki da ta waje. Ramin kan murfin kuwa an ƙara shi ne a 1991, don iska ta sami hanya idan yaro ya haɗiye shi. Ya zuwa 2006 an sayar da biliyan 100.

Farar kujerar roba ma haka take. Ɗaya daga cikin samfuranta na farko Henry Massonnet ne ya yi shi a Faransa a 1972. Ana narka ƙwayoyin robar polifirofilin a zafin da ya haura digiri 200, a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, kafin minti 2 kujera ta fito sukutum, ba ƙusa ba gam. Robar siririya ce, saboda haka aka lanƙwasa ƙafafun kamar kwararo domin su yi ƙarfi, kamar yadda kwanon rufi ke samun ƙarfi daga tudu da kwarinsa. Tsagogin baya suna rage roba, suna barin iska ta ratsa. Ƙafafun sun buɗe waje don kujera ta fita daga mazubi cikin sauƙi, ta kuma hau kan 'yar uwarta. Aibinta shi ne hasken rana yana cin robar har ta yi gautsi ta karye, kuma idan an yar da ita ba ta ruɓewa. Wannan matsala ce da masu zayyana na farko ba su yi tunaninta ba: ina abu zai tafi bayan ya gama aiki?

Kammalawa

Abin da salon zamananci ya bari mafi amfani shi ne hanyar yi wa abu tambaya: mene ne aikinsa, me ya sa aka yi shi da wannan kaya, yaya aka ƙera shi, wa zai iya sayensa, kuma ina zai ƙare? Malami yana iya gwada wannan a aji ba tare da kashe ko kwabo ba. A ba ɗalibai fallen takarda biyu, a bar ɗaya a shimfiɗe, a naɗe ɗaya kamar bututu, a gitta kowanne tsakanin littattafai biyu, a ga wanda zai ɗauki nauyi. Sa'an nan a kawo butar roba ta gida a ajiye a kan tebur, a tambaye su dalilin da ya sa bakin zubawarta yake tasowa sama har kusan daidai da wuyanta. Ɗalibin da ya gano cewa ruwan cikin buta da na cikin bakin nata kullum tsayinsu ɗaya, kuma da bakin ya gaza tsawo da butar ba za ta cika ba, ya fara kallon kaya da irin idon da Marianne Brandt ta kalli tata butar a 1924.